Shekarar da Aka Ce Nasiru Ɗan Japan Ne

Wannan babin saboda ku jikokina na rubuta shi, domin na ji yadda ake ba ku labarin a gutsure, kowa yana yanko inda ya yi masa daɗi. Wasu na cewa kakarku ta tona asirin matattu don ta wanke kanta. Wasu na cewa ai da ma bakina ba shi da linzami. Maganar linzami gaskiya ce. Ta farkon kuwa ku karanta ku yanke da kanku. Ban iya riƙe alƙalami ba sai da na haura arba'in, a ajin matan unguwa da ake yi bayan la'asar, ina zaune cikin yaran da na isa haifa, kuma tun da na iya na daina yarda wani ya ba da labarina ina raye.

Lokacin da abin ya faru Malam, wato kakanku, ya yi 'yan shekaru da rasuwa. Muna tsohon gidanmu na kan tudu a nan Makka, wanda ake hawa da matakala, kafin a rushe unguwar. Ina tare da Maryam autata, wadda ta yi karatun gwaje-gwajen asibiti a Sudan ta dawo, da ɗana Nasiru, yana tsaron shagon wayoyi a unguwar Aziziyya. Haruna, ɗan Malam na fari, yana gidansa da iyalinsa. Uwarsa ta rasu tun kafin in san akwai wani mutum wai shi Malam a duniya, ni na ƙarasa rainonsa, kuma kowace shekara shi ke shugabantar 'yan dako a Mina. Sai ƙanin Malam, Alhaji Sale, da ɗansa Faisal, sa'an Nasiru. Ni da Sale abokan wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidan, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin mijinta. Amarya yake ce mini har na yi furfura, ni kuma in ce masa rago mai jiran tuwon gidan wani. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

A shekarar ne wani yayi ya shiga samarin Makka, na gwajin asali. Ka tofa yawu a 'yar kwalba, a aika ƙasar waje, bayan wani lokaci a turo maka a waya a ce ga inda kakannin kakanninka na wajen uba suka fito. Larabawa ne suka fara, kowace ƙabila na son ta nuna ita ce ta ainihi. Yaranmu kuwa a nan aka haife su, Larabci ya fi musu Hausa sauƙi a baki, amma duk da haka Takari ake kiransu a titi, sai suka ga ƙofa ta buɗe. Da ma a gidan su Malam akwai tsohon zance cewa kakansu daga Gabas ya je ƙasar Hausa, wai jinin Larabawa ne. Ban taɓa sanin gidan Bahaushe da ba shi da irin wannan kakan ba. Nasiru da Faisal suka tofa ba su shawarci kowa ba. Da sun tambaye ni da na fasa kwalbar.

Sakamakon Faisal ya zo da reshen da ya cika Afirka, irin na kowa, babu Balarabe a ciki ko na rantsuwa. Wannan ba wanda ya tsaya a kansa, domin na Nasiru ya janye hankalin kowa. Shi wani harafi dabam aka ba shi, wai D, kuma taswirar da aka haɗo da ita ta bar Afirka fari fat, ta tafi can ƙarshen duniya ta shafa wa Japan launi mai duhu. Da farko dariya aka yi. Abokansa suka sa masa suna Yabani, wato Bajapane da Larabci, suna rusuna masa in ya shigo shago. Ni ma na yi dariyar. Sai wani mai kaifin kai ya ce ai 'ya'yan wa da ƙani dole nasu ya zo iri ɗaya, tun da kakansu ɗaya. Daga nan dariyar ta sauya murya.

Mutanenmu ba sa mantuwa da abin da bai shafe su ba. Aka tuno cewa shekarar da na yi cikin Nasiru Malam yana kwance, ya faɗo daga kan gini ya karye, ni na fita aikin Hajji a wani gidan alhazai a Aziziyya, ina wanki ina girki, wani lokaci in kwana can. Alhazan gidan mutanen Indonesiya ne, yawancinsu tsofaffin mata. Amma a bakin mutanenmu na Makka duk wanda ya fito daga wancan gefen duniya Jawa ne, ko daga wace ƙasa yake. Japan Jawa ce, Indonesiya Jawa ce, Hajiya ta kwana a gidan Jawa, ga kuma taswira. Lissafin ke nan gaba ɗayansa. Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Na dai lura in na shiga gidan biki hira takan tsinke, a shiga tambayata ciwon ƙafa. Wata da ta jima tana nema wa ɗanta Maryam ta daina sallama a gidanmu. Ranar da Sale ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, Hajiya ina wuni, ya tambayi lafiyata da ladabi kamar baƙo, na san magana ta yi nisa.

Amma wanda ya sa wuƙar da hannunsa ɗana ne. Wata rana da azahar ina tsince shinkafa ya zo ya zauna nesa da ni, yana juya waya a hannu, ya kasa kallona.

"Yumma," ya ce, "a wane gida kika yi aiki shekarar da aka haife ni?"

Na ajiye farantin. Na ce ya je ya ɗauko madubi ya duba goshin da ke fuskarsa, da wushiryar bakinsa, da baƙin nan nasa kamar gindin tukunya, ya gaya mini na wane Jawa ne. Ya ce mini da Larabci, a hankali, shi bai ce komai ba, amma gwaji ba ya ƙarya.

"Gwaji ba ya ƙarya," na ce. "Uwarka ce ke yi ke nan. Tashi ka ba ni wuri."

Ni kuwa na san dalilin da ya sa nasa da na Faisal suka saɓa, kuma ni kaɗai ce mai rai da ta sani. Inna, uwar Malam da Sale, ita ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun da na zo garin nan ba uwa ba uba, kuma a ciwonta na ƙarshe ni na yi jinyarta. Wata rana da hantsi ina taje mata kai ta ce in rufe ƙofa. Ta ba ni labarin tahowarsu da ƙafa da jakuna, ta Chadi zuwa Sudan, ana tafiya ana tsayawa a yi ƙodago a sami guzuri. A wani zango ciwon gudawa ya shiga ayarin. Ya ɗauke mata jaririnta na fari. Ya kuma ɗauke wani mutum da matarsa da suka shigo ayarin a hanya, mutanen da Hausarsu ba ta fita sosai, ba wanda ya san garinsu, baƙi kawai ake ce musu. Suka bar yaro namiji yana koyon tafiya, bai kai yaye ba. Nononta na zuba, yaron na kuka. Ta ɗauke shi. Mijinta ya sa masa sunan jaririnsu da ya mutu, da suka isa inda akwai wanzami Bahaushe ya sa aka yi masa tsagar gidansu, uku-uku a kumatu, don kada wani ya taɓa tambaya. Ayarin ya watse a Sudan, waɗanda suka sani suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan shi ne Malam.

"Shi bai sani ba, Sale bai sani ba," in ji ta. "Na gaya miki ne don ya yi mini nauyi ni kaɗai. Ke ma ki tafi da shi kabarinki."

Na ce na ɗauka. Na kuwa riƙe, har Malam ya koma ga Allah yana alfahari da ubansa, ban taɓa bari ya ga komai a fuskata ba.

To amma ajin yamma ya koya mini abu guda, kada ka shiga faɗa a kan abin da ba ka gane ba. Na zaunar da Maryam na ce ta bayyana mini wannan gwaji tun daga tushe, da Hausa, kuma kada ta yi mini irin bayanin da ake yi wa tsofaffi don su yi shiru. Ta yi ta kame-kame, sannan ta samo hanya.

"Umma, ki ɗauka tsaga ce, amma a cikin jiki, inda ido ba ya gani. Uba ke ba ɗansa namiji, ɗan ya ba nasa ɗan. Mace ba ta da ita, ba ta kuma bayarwa. Masu binciken suna kiranta da harafin Y. Bayan zuriya mai yawa takan ɗan sauya kama a jikin mutum ɗaya, daga nan duk 'ya'yansa maza su ɗauko sauyin. Da haka ake gane rassa, a ba kowane reshe harafinsa."

Na ce to ashe gwajin maza ne zalla, matan da suka yi naƙudar ba a lissafa da su sai in za a zarge su. Ta ce akwai na mata dabam, amma ba shi suka yi ba. Na ce ban yi mamaki ba. Sannan na tambaye ta me ya kai tsagar ɗana Japan.

Mun ɗauki yammaci da dama a kan wannan. Tana karantawa a waya tana fassara mini, ni kuma ba na barin ta wuce sai na iya maimaitawa da bakina. Ashe su ma Japanawan ba tsatso ɗaya ba ne. Akwai mutanen farko da suka zauna a tsibiran tun ba a san noma ba, suna farauta, suna kamun kifi, suna tsintar 'ya'yan itace, suna gina tukwane. Can daga baya wasu suka ƙetaro ruwa daga babbar ƙasa da shinkafa da ƙarfe, suka yi yawa, aka yi auratayya aka cakuɗe. Yau in ka tara mazan Japan ka duba tsagar nan ta ciki, za ka ga wasu na ɗauke da ta manoman shinkafa, irin wadda ake samu a Koriya da Sin, wasu kuma masu yawa na ɗauke da ta mutanen farko, wato D ɗin nan. Ta fi ƙarfi a ƙuryar arewa da ƙananan tsibiran kudu, inda baƙin ba su cika kaiwa ba. Maƙwabtansu na kusa kusan ba su da ita, sai ka tsallake ka hau duwatsun Tibet ka sake ganinta. Na ce wa Maryam, ka ji mutane, harshe ɗaya, ƙasa ɗaya, a ciki kuwa kakanni dabam-dabam, wasu 'yan gida wasu 'yan ayari, kuma suna zaune abinsu. Na ji sun kwanta mini a rai, ko da yake ban taɓa sanin na yi magana da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne D ɗin nan da reshen Afirka na Faisal wa da ƙani ne, daga mutum ɗaya suka rabu tun zamanin da ba wanda ya rubuta. Wasu 'ya'yan D suka yi gabas, suka yi ta tafiya har teku ta tsayar da su. Wani ɗan siririn reshe ya tsaya a baya, ba shi da yawa, an same shi a jikin wasu 'yan tsirarun maza a Nijeriya da nan ƙasar Larabawa. Maryam ta buɗe sakamakon Nasiru ta nuna mini a ƙasa da ƙananan haruffa, nasa wannan siririn ne. Masu taswira sun shafa launi ne inda harafin ya fi yawa, shi ke nan. Dangantakar ɗana da Bajapane ta girmi Fir'auna da kakan Fir'auna. Na yi hamdala. Sai Maryam ta ajiye wayar ta dube ni.

"Umma, wannan ya kore zancen Japan. Amma bai haɗa Nasiru da Faisal ba."

Na ce na sani. Ba ta ƙara tambaya ba, yarinyar nan ta gado haƙurin ubanta.

Na auna abin ta kowace fuska kafin in motsa, kada wani ya ce muku cikin fushi na yi. In na yi shiru, zan mutu da sunan mazinaciya, Nasiru ya rayu ana yi masa kallon shege, Maryam ta tsufa a ɗakina. In na fito da labarin Inna haka kawai, za a ce macen da ake zargi ta ƙirƙiro tatsuniya ta jingina wa matattu, tun da ba za su tashi su ƙaryata ta ba. Sai dai in fara da shaida, shaidar kuwa Haruna ne, wanda aka haifa ban san gidan ba. In tasa ta zo daidai da ta Nasiru na fita. Amma na ga abin da ke bayan wannan ma. Da zarar na fita, dattin zai koma kan Inna, domin za a gane Malam da Sale ba ubansu ɗaya ba, kuma mutanen da suka zarge ni ina raye ba za su ji kunyar wadda ke kabari ba. Ke nan duk ranar da na sa Haruna ya tofa, na ɗaura niyyar karya alkawari. Na yi ta tunanin Inna. Ta ɓoye abin ne don kada yaro ya tashi ana nuna shi da baki. Ga shi ɓoyon ya kai inda ɗan yaron ake nunawa. Na ce da tana nan, ita da ta ɗauki ɗan baƙi a tsakiyar annoba, ba za ta tsaya tana kallo ba. Ko da za ta tsaya, ni ba zan tsaya ba.

Na je gidan Haruna da kaina. Ya ce shi bai taɓa zargina ba, me zai sa ya shiga shirmen yara.

"Don ba ka zarge ni ba shi ya sa na zo wurinka," na ce. "Tofa."

Ya tofa, yana dariya yana cewa Umma ba a iya miki. Ban gaya masa abin da zai biyo baya ba, domin da na gaya masa da na karya alkawarin ba shaida a hannu.

Da sakamakon ya zo na hana a buɗe. Na ce a taru a gidan Sale ranar Juma'a bayan la'asar, shi ne babba. Aka kawo gahawa da dabino ba wanda ya taɓa. Na miƙa wa Faisal wayar na ce shi da ya kawo mana wannan ilimi shi zai karanta. Ya karanta na Haruna, ya karanta na Nasiru, ya sake komawa. Iri ɗaya, har ƙananan haruffan. Nasiru ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Sale ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, ya fara cewa da ma shi bai taɓa yarda ba. Na bar shi da wannan. Faisal kuwa mai saurin lissafi ne, ina kallon fuskarsa yana haɗawa.

"To ke nan Baba da Baffa ba ubansu ɗaya ba," ya ce. "Ke nan Kaka ce ta..."

"Ka ƙarasa kalmar nan in zubar maka da haƙora a gaban ubanka."

Sannan na ba su labarin yadda Inna ta ba ni, ban ƙara ba ban rage ba, da zangon, da ciwon, da baƙin da ba a san garinsu ba, da nonon da ke zuba. Na gaya musu ta ce in tafi da shi kabari, kuma ga shi ban tafi da shi ba. Sale ya miƙe, ya ce ƙarya nake yi wa uwarsa da ubansa, shi ya tashi ɗaki ɗaya da Yayansa, tsaga ɗaya ce a fuskarsu, duk Makka ta shaida.

"Sale, taɓa kumatunka," na ce. "Taka sirara ce kamar zare, don ranar suna aka yi maka, ba ka san fizga ba. Ta Yayanka fa? Wa ya fi ka tsokanarsa cewa wanzaminsa makaho ne?"

Duk wanda ya san Malam ya san tsagarsa. Faffaɗa ce, a karkace, ɗaya ta zarce har kusa da kunne. Haka take zama in an yi wa yaron da ya riga ya yi ƙarfin da sai an danne shi. Shekara da shekaru muna kallonta muna dariya. Sale ya tsaya hannunsa a kunci. Can ya zauna, ya ce da muryar da ban san shi da ita ba, Inna ba ta son wasan nan, duk ranar da ya yi shi takan tashi ta shige ɗaki. Hawaye na bin tsagar tasa.

Na fita daga zargi a ranar. Ba na ce muku an zo an ba ni haƙuri ba, matan da suka yi zancen sun koma wani zancen ne kawai, mai neman Maryam ta dawo da sallamarta kamar ba ta taɓa ɗauke ƙafa ba, na kuwa amsa mata kamar ban lura ba, amma ban ba ta 'yata ba. Nasiru ya zo ya durƙusa yana kuka. Na bar shi ya yi ta zuwa yana komawa, sai da na ga ya fara ramewa na ce na yafe. Na yafe ɗin kuwa, amma tambayar nan tasa tana nan inda ya ajiye ta, kuma ya sani. Sale ya ɗauke ƙafa na wani lokaci. Na ji ya je wurin malamai, suka ce masa wanda ya sha nonon uwarka kafin yaye ɗan'uwanka ne a shari'a. Rannan ina shara sai na ji shi yana haki a matakala.

"Amarya, yau ma ba tuwo a gidan nan?"

Na ce rago ya dawo. Ya zauna ya ce nonon da Yaya ya sha shi ya sha, wanda ya ga dama ya zuba wannan a kwalba ya aika.

Wanda abin ya ci shi ne wanda bai yi mini komai ba. Haruna ya haura hamsin a lokacin. Sunan kakan nan, mijin Inna, shi ne a igamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, da shi yake rantsuwa, sunansa ya sa wa ɗansa na fari. Ranar taron da muka fito, ya raka ni har gindin matakala kamar yadda ya saba, sannan ya tsaya.

"Umma, kin wanke kanki, kin wanke Kaka," ya ce. "Mu kuma kin ajiye mu a zango."

Gaskiya ya faɗa. Ya daina zuwa cin abincin Juma'a. In mun haɗu ya gaishe ni da ladabi, irin ladabin da na riga na san ma'anarsa. Matarsa ta ce mini yakan zauna ya yi ta kallon taswirar nan a waya, yana neman inda ɗan siririn reshen ya fito, babu kuwa gari a ciki, babu suna. Ban aika masa kowa ba. Ni na yi masa ciwon, ba ni da bakin ce masa ya yi sauri ya warke. Azumi ya zo ya wuce, a Sallah ya turo yara bai zo ba. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ya fi mini zafi a kan duk shirun gidajen biki.

Ana gab da aikin Hajji, garin ya cika, motocin alhazai sun toshe Aziziyya, lokacin da ba a ganin Haruna ko a gidansa, sai ga shi da rana tsaka. Ya zauna a inda ya saba zama. Ya ce bana ba zai yi aikin Mina ba, ya bar wa mataimakinsa. Na ce lafiya. Ya ce ya yi ta tunanin mutumin nan da matarsa. Sun bar garinsu ne don su zo nan, ba su iso ba, ɗansu ya iso a bayan wata mace, ya rayu ya mutu yana jin kiran sallar Harami, bai san akwai waɗanda suka fito da shi ba. Ya ce yana so ya yi wa mutumin Hajji, ya kuma yi magana da Nasiru zai yi wa matar, sun sami izini. Abu ɗaya ne ya tsaya masa.

"Umma, yaya ake niyya a madadin wanda ba a san sunansa ba?"

"Ka ce uban ubana," na ce. "Wanda za ka gaya wa ya san shi."

Daga gidana suka ɗaura harami. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu suna sauka matakala, baƙaƙe biyu cikin fararen zannuwa, goshi iri ɗaya, tafiya iri ɗaya, irin ta Malam, wataƙila irin ta mutumin da ba mu sani ba. Faisal ne ya kai su a mota, ina jin sa daga ƙasa yana cewa Yabani ya yi sauri, Nasiru yana amsawa.

Ga labarin yadda yake. Kakanku na jini, uban Malam, ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsa ba, ba Balarabe ba ne, ba kuma Bajapane ba, ko da yake can nesa ƙwarai kuna da 'yan'uwa a tsibiran da ban taɓa gani ba. Kakarku ta nono sunanta Inna, kuma duk wanda ya ɗaga hannu don addu'a a cikinku ya sa ta a gaba. Alkawarinta ni na karya shi, ido buɗe. In mun haɗu ni zan yi mata bayani, ba na neman wani ya yi mini.